Kuɗin binciken lafiyar daji, dabba da mutum: amsa ga wani likitan dabbobi a Gadarif

Ƙanena, tambayarka ta iso. Ka ce kai likitan dabbobi ne daga wani ƙauyen Hausawa a bakin kogin Rahad a gabashin Sudan, yaƙi ya katse maka karatun digiri na biyu a Khartum, ka koma gida. Kana jin ana ta maganar "Lafiya Ɗaya", wai duniya ta ware maƙudan kuɗi don binciken yadda lafiyar daji, da ta namun daji, da ta dabbobin gida, da ta mutum suke sarƙe da juna. Kana so ka san ko gaskiya ne, su wa ke bayarwa, kuma ko mutum irinka da ba shi da ɗakin gwaji a hannu yana da rabo.

Akwai kuɗin, amma maganarsu ta fi su yawa, kuma kaso mafi tsoka ba mutum ɗaya ake miƙa wa ba. Gwamnatoci da manyan jami'o'i ke karɓa. Rabonka kuwa yana nan, sai dai ba ta ƙofar da kake hange zai shigo ba. Sunan "Lafiya Ɗaya" a saman takarda ba ya kawo ko sisi, domin kowa ma yanzu haka yake rubutawa. Abin da ake biya shi ne ƙaramar tambaya mai kaifi, wadda amsarta ke buƙatar likitan mutane da likitan dabbobi da masanin daji su zauna a tabarma ɗaya, kuma wadda mutumin da ke zaune a wurin ya fi kowa iya amsawa. Kai kana zaune a kan irin wannan tambaya, zan zo kanta.

Bari mu fara da manyan kuɗin, don ka daina ɓata dare a kansu. A watan Maris na 2022 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ƙawancen da ke tsakanin hukumar lafiya ta duniya, da hukumar abinci da noma, da hukumar lafiyar dabbobi, suka zama huɗu, suka fitar da tsarin aiki na 2022 zuwa 2026. Waɗannan huɗun tsara hanya suke yi, ba rabon tallafin bincike ba. A shekarar ne kuma aka kafa Asusun Yaƙi da Annoba a ƙarƙashin Bankin Duniya, wanda Saudiyya na cikin masu zuba masa kuɗi. Rabonsa na farko a Yulin 2023 ya kai dala miliyan 338 ga ƙasashe 37. Lambar tana da daɗin ji, to amma ma'aikatun gwamnati ke nema, ta hannun hukumomin duniya, kuma kuɗin na sa ido kan cututtuka ne da gyara ɗakunan gwaji da horar da ma'aikata. In ƙasa ta samu, kana iya shiga a matsayin ma'aikaci ko wanda za a horar. Ba za ka aika musu tsarin bincikenka su amsa ba.

Sannan ka san halin wannan kuɗi. Kamar Rahad ɗinku yake: da damina ya cika ya batse har ya ci gonaki, da rani sai 'yan kududdufai nan da can. Tsoro ne daminarsa. Bayan murar tsuntsaye Amurka ta buɗe shirin PREDICT a 2009, aka kashe kimanin dala miliyan 200 ana farautar ƙwayoyin cuta a jikin jemagu da ɓeraye da birai, shirin ya ƙare daidai lokacin da korona ke kunno kai. Bayan korona Faransa ta fito da shirin PREZODE na hana ɓullar cututtuka daga dabbobi a 2021, Jamus ta sa Yuro miliyan 50 a wani asusun muhalli da lafiya. A 2021 ɗin nan dai Ingila ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na arzikin ƙasa, aka yanke wa bincike da dama kuɗi ana tsakiyar aiki, a 2025 kuma aka rufe USAID, hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, ɗungurungum. Mu a Sudan ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979 ya danne zazzaɓin cizon sauro da tsargiya a Jazira na kusan shekara 10, ana kula da magudanan ruwa da dodon koɗi da sauro da marasa lafiya a lokaci guda, tun kafin a ƙirƙiro wa irin wannan aiki suna. Da kuɗin waje suka tsaya, cikin 'yan shekaru zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. Saboda haka duk binciken da za ka tsara, ka tsara shi yadda in an yanke kuɗi a shekara ta biyu, abin da ka tara ba zai zama banza ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: cikin ɓangarorin nan uku, na mutum ke kwashe mafi yawa, na dabbobin gida ya samu ɗan abin da ya samu saboda kasuwa, daji da namunsa su tashi da ragowa. Alhali wani sanannen nazari na 2008 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na sababbin cututtukan da suka ɓulla a kan mutane daga dabbobi suka fito, kuma fiye da kashi 70 na waɗannan daga namun daji ne. A ganina wannan giɓi alheri ne gare ka. Masu tantance takardu sun gaji da ganin an lissafa masanin muhalli a shafin ƙarshe don ado. Takardar da daji ke cikin ƙashin bayanta nan da nan take fita daban.

A tsakiya akwai masu ba da tallafin bincike na gaske. Gidauniyar Wellcome ta Landan ta ce za ta kashe fam biliyan 16 cikin shekara 10 daga 2022, kuma cututtuka masu yaɗuwa da tasirin sauyin yanayi kan lafiya na cikin abin da ta sa gaba. Mun daɗe da saninta ma: Henry Wellcome ne ya ba da kuɗin ɗakin binciken da aka buɗe a Khartum a 1903, har da jirgin ruwa mai ɗakin gwaji da ke yawo a kan Nilu. Akwai IDRC ta Kanada, da ta daɗe a kan alaƙar muhalli da lafiya. Akwai EDCTP ta Tarayyar Turai da Afirka, da cibiyar ILRI a Nairobi mai sashen Lafiya Ɗaya da Jamus ta ɗauki nauyi. Duk waɗannan ko dai digirin digirgir suke so ka riƙe, ko ka shigo cikin ayarin wani babba. Nan da shekara biyar ne maganarka da su.

Inda ya dace ka ƙwanƙwasa yau shi ne ƙananan ƙofofi. Ƙungiyar RSTMH ta Landan, ta masana cututtukan ƙasashe masu zafi, na ba masu tasowa tallafin shekara guda, ya daɗe a kan fam 5,000, ba ruwanta da ƙasar da ka fito, kuma wanda bai taɓa samun tallafi ba take nema. Ofishin hukumar lafiya ta duniya na Gabashin Bahar Rum, wanda Sudan ke ƙarƙashinsa, yana da ƙananan tallafi tare da shirin TDR na binciken irin waɗannan cututtuka, kuma 'yan Sudan sun sha cinye su. Ta ɓangaren daji akwai gidauniyar Rufford, da Asusun Muhammad bin Zayid na Abu Dabi mai bayar da har dala 25,000, amma ka lura, su kare namun daji ne damuwarsu. In ka je musu da takardar da ta mai da naman daji abokin gaba mai ɗauke da cuta, ko karantawa ba za su gama ba. Don karatunka da ya tsaya kuwa, ka dubi guraben Bankin Musulunci da ke nan Jidda, da na TWAS, ƙungiyar masana kimiyya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa. Fam 5,000 ba za ta sayi mota ba, amma za ta biya ka rani ɗaya na aiki mai tsabta da maƙala ɗaya a mujalla, kuma da wannan maƙalar ake buɗe ƙofa ta gaba.

To, ga tambayar da na ce kana zaune a kanta: kala-azar.

Ba sai na kwatanta maka ita ba. Ka ga yaro da zazzaɓi na makonni, ciki ya kumbura saboda saifa, jiki ya zube, in ba a yi magani ba sai dai haƙuri. Jihar Gadarif na cikin wuraren da ta fi ƙamari a duniya, musamman ƙauyukan bakin Rahad da Atbara. Abin da ya sa na ce ita ce taka, cuta ce da ƙasa da itace ke riƙe da ita. Ɗan mitsitsin ƙudan rairayin da ke yaɗa ta a wajenku ba ko'ina yake zama ba. Baƙar lakar nan mai dararewa da rani yake so, inda aduwa da dushe suke, dushen da Larabawa ke kira ɗalha. Da rana yana lafe cikin tsagar ƙasa inda akwai sanyi da danshi, da dare ya fito. Yawansa na kaiwa ƙololuwa a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, daidai lokacin da zafi ke korar mutane su kwana a tsakar gida. Ruwa na sauka tsagogin su rufe, ya ɓace. Marasa lafiya kuwa sai bayan watanni suke cika asibiti, da kaka zuwa hunturu, shi ya sa mutanen ƙauye ba sa danganta ciwon da cizon da aka yi tun kafin shuka.

Ta ɓangaren magani an yi aiki, kuma da kuɗin waje aka yi shi. Ƙungiyar DNDi mai samar da magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, da abokan aikinta na gabashin Afirka, waɗanda suka kafa haɗakarsu a Khartum a 2003, su suka gwada haɗa allurai biyu har kwanakin jinya suka sauko daga 30 zuwa 17. Amma ka dubi inda kuɗin suka tafi: gadon asibiti. Abin da ke faruwa tsakanin gindin aduwa da tabarmar yaro har yanzu da sauran aiki. Masu bincike sun samu ƙwayar cutar a jikin ƙudan a cikin gandun dajin Dindir, inda ba ƙauye, kuma masu gadin dajin sun sha kamuwa. Farfesa Diya'uddin Annaim da abokansa sun same ta a jikin tunku a yankin, wasu sun same ta a jikin karnukan ƙauye. To wa ke riƙe da cutar tsakanin wannan annoba da waccan? Naman daji ne, ko kare, ko mutanen da suka warke ƙuraje suka feso musu a fuska, abin da ke samun kusan rabin waɗanda aka yi wa magani a Sudan? Ga kuma wadda ta fi dacewa da likitan dabbobi: shanu da jakunan da ake ɗaurewa kusa da ɗaki, kare mutane suke yi ta hanyar ɗauke musu cizo, ko kuwa ciyar da ƙudan suke yi ya ƙara yawa a gidan? Amsar wannan za ta gaya wa magidanci inda zai kafa turkensa. Tambayar da ke da irin wannan amfani ita masu ba da tallafi ke so.

Kayan aikin kuma ba su fi ƙarfinka ba. Farar takarda ake shafa wa man zurma ciki da baya, a soke ta a tsinke, a kafa a bakin tsagar ƙasa ko gindin itace da almuru. Da asuba kafin iska ta taso da ƙura sai ka bi ka tattara. Za ka ga 'yan ɗige-ɗige maƙale a jiki, ba su kai rabin sauro ba, masu gashi-gashi. Da ɗan siririn buroshi ake ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a jefa cikin kwalbar sinadarin adanawa, a rubuta lambar gida da nisan turke da irin itacen da ke kusa, da fensir, don biro na narkewa. Matan ƙudan da cikinsu ya yi ja da jini su ne dukiyar, domin gwajin ƙwayar halitta zai faɗi jinin wa suka sha, na mutum ko saniya ko jaki ko kare. Wannan gwajin kaɗai ne ke buƙatar ɗakin gwaji, kuma samfurin na iya jira ba tare da firiza ba. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardarka.

Kana da wata fa'idar da baƙo ba zai saya da kuɗi ba. A shekarun 1990 masu bincike na Jami'ar Khartum sun bi ƙauyuka biyu a bakin Rahad, Um Salala ta Masalit da Mushra Koka ta Hausawa. Suka ga a ƙauyen Hausawa ƙwayar na shiga jikin mutane amma kaɗan ne ke kwantawa, a ɗayan kuwa ciwon na kayar da mutane sosai. An danganta bambancin da abinci da wadata, wasu suka bi ta hanyar gado. Ka ga ke nan mutanenka sun riga sun shiga littattafan wannan cuta, sai dai da bakin tafinta aka yi magana da su. Kai za ka zauna da tsohuwa ta gaya maka inda yara ke wasa da magariba, wane wata ake fita kwana waje, wa ke zuwa daji yanke itace ko ɗibar aduwa, ba tare da ta ɓoye maka komai ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka sa wannan a takardarka a matsayin hujjar cewa kai ne za ka iya aikin, kada kunya ta hana ka.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada bincikenka ya ƙare da cewa a sare aduwa da dushe. Manyan gonakin dawa da riɗi da aka fara buɗewa a Gadarif tun shekarun 1940 sun riga sun cinye daji mai yawa, cutar ba ta tafi ba, sai ma leburorin da ke kwana a gona ta samu. Dushe na ba da ƙaro da gawayi da itacen turaren da mata ke shiga, aduwa na ba da 'ya'ya da mai da abincin awaki a lokacin da babu komai kore. A nan ne za ka buƙaci masanin daji na gaske a cikin ayarinka, wanda zai auna abin da za a rasa.

In kala-azar ba ta kwanta maka ba, ta biyu ita ce zazzaɓin Rift Valley, kuma ita ce ke haɗa ku da mu nan Saudiyya. Ƙwan wani nau'in sauro na iya kwanciya cikin busasshiyar ƙasa da ƙwayar cutar a cikinsa har sai an yi ruwa mai yawa fadamu sun cika. Ya ƙyanƙyashe ya ciji tumaki, tumaki su yi ta ɓari, 'yan raguna su yi ta mutuwa, sannan ta kama mahauta da makiyaya da matan da ke taɓa abin da aka ɓarar. A 2000 ta tsallaka Bahar Maliya a karon farko, ta kama fiye da mutum 800 a Saudiyya, akasari a yankin Jizan, sama da 120 suka rasu. A 2007 ta faɗa wa Farin Nilu da Sinnar da Jazira, hukumar lafiya ta duniya ta ƙirga mutum 738, 230 suka rasu. A Oktoban 2019 da ta sake ɓulla, Saudiyya ta dakatar da shigo da dabbobin Sudan. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar tumaki a Jidda gab da Layya ya san matsayin ragon sawakini, ya kuma san abin da rufe tashar jiragen ruwa ta Sawakin ke jawowa tun daga dillali har mai kiwo a Kordofan. Makiyayi ne ke fara ganin ɓarin, makonni kafin asibiti ta ga mutum na farko, amma labarinsa ba ya isa ko'ina, wani lokaci ma ɓoyewa yake yi don tsoron a hana shi sayarwa. Binciken yadda za a sa wannan labari ya iso da wuri ba tare da an cuci mai shi ba, ba ya buƙatar komai sai waya da amana. Ta ɓangaren rigakafi kuwa ƙawancen CEPI mai tallafa wa samar da alluran rigakafi na zuba kuɗi, kuma allurar da masanan Oxford da na Kenya suka haɗa an tsara ta ne don dabba da mutum duka.

Ka tambayi ko Saudiyya na bayarwa. Tana bayarwa, amma ga cibiyoyinta. Hukumar bincike da ƙirƙira da aka kafa a 2021 ta sa lafiya da muhalli cikin manyan abubuwa huɗu da ƙasar ta zaɓa, kuma jami'o'in ƙasar ne ke nema. Hanyarka ita ce ka zama abokin aikin wani malami a nan, ko ɗalibinsa. Abin da za ka kawo musu kuwa suna buƙatarsa, domin cututtukan da ke damunsu da yawa asalinsu na ɗaya gefen teku. Ka ɗauki MERS, cutar numfashi 'yar uwar korona. A 2012 Dakta Ali Muhammad Zaki ya gano ta a jikin wani mara lafiya a Jidda. Zuwa yanzu ta kama kimanin mutum 2,600, mafi yawa a Saudiyya, kusan kashi 35 cikin 100 suka rasu, kuma daga raƙuma take. Da aka koma kan tsohon jinin raƙuman Sudan da Somaliya da aka ajiye tun 1983, sai ga alamarta a ciki. An same ta a raƙuman mayankar Kano ma. Amma ba a ganin annobarta a tsakanin masu raƙuma na Afirka kamar yadda ake gani a nan. Nau'in ƙwayar ne ya bambanta, ko kuwa ba a dubawa ne? Mai son amsa dole ya nemi wanda ke da ƙafa a Butana da Kasala, yankunan masu raƙuma a gabashin Sudan. Kwalejin dabbobi ta Jami'ar Sarki Faisal a Ahsa na da cibiyar binciken raƙuma, Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda na da sashen cututtuka masu haɗari. Ka karanta abin da suka wallafa, ka rubuta wa mutum ɗaya wasiƙa gajera a kan aikinsa, ba wasiƙar "a taimaka mini" da ake aika wa mutum hamsin ba.

Labarin MERS na da wani darasin. Samfurin farko an aika shi Rotterdam ne, cibiyar can ta nemi rajistar mallaka a kan abin da ta gano, hukumomin Saudiyya suka yi ƙorafi a 2013 cewa hakan ya kawo jinkiri, cibiyar ta musanta. Ko wa ke da gaskiya, rigimar ta nuna abin da ke biyo bayan samfurin da ya fita babu rubutacciyar yarjejeniya. Na taɓa ganin wani ayari ya zo, yaranmu suka yi musu jagora, suka kama dabbobi, suka ɗebi jini cikin rana, suka yi tafinta, bayan shekara biyu maƙala ta fito sunayensu na can ƙasa cikin godiya, kusa da na direba. Ba mugunta ba ce kullum, sau da yawa ba wanda ya yi maganar ne tun farko. Kai ka yi ta tun kafin a kafa takarda ta farko: sunanka a ina zai zo, kwafin bayanai zai zauna a hannunka, rabin samfurin zai tsaya a ƙasa in akwai wurin ajiya, kuma za a koma ƙauyen a gaya wa mutane abin da aka samu da bakinsu. Yarjejeniyar Nagoya, da ta fara aiki a 2014, ta ba ƙasashe haƙƙi a kan irin waɗannan samfurori, kuma manyan mujallu yanzu suna tambaya. Wanda ya ji haushin waɗannan sharuɗɗa, ka gode masa ka bar shi.

Sai maganar yaƙi, wadda ba za a kauce mata ba. Tun 15 ga Afrilun 2023 ɗakunan gwajin Khartum da Soba suka shiga halin da ka sani, samfuran shekaru suka lalace da wuta ta ɗauke. Masu ba da tallafi ba sa tura kuɗi asusun mutum, ba su san Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum, ba, kuma bankunan Turai na ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi Sudan duk da an cire takunkumin Amurka a 2017. Saboda haka kana buƙatar cibiyar da za ta karɓa a madadinka: Jami'ar Gadarif in za ta iya, ko wata ƙungiya mai rajista, ko jami'ar abokin aikinka a waje ta riƙe ta riƙa biyan hidima. Ka rubuta kasafinka da dala ko fam, kada ka rubuta da jine, kuɗin Sudan, in ba haka ba kafin kuɗin su iso sun zama rabi. Izini kuma kashi uku ne, kowanne da ofishinsa: kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya in za ka taɓa mutum ko ka yi masa tambayoyi, ma'aikatar dabbobi don na gida, namun daji kuwa a hannun 'yan sandan gandun daji suke. Ka ba wannan zirga-zirga wata uku a jadawalinka. Cikin Dindir kanta kada ka sa ta a shekarar farko, faɗa ya taɓa yankin a 2024, kuma mai tantancewa na ganin sunan zai ce aikin ba zai yiwu ba. Gefen ƙauyenku ya ishe ka. Malamanka da suka watse zuwa Alƙahira da Riyad da Kampala ka neme su, da yawansu na riƙe da muƙamansu, kuma sa hannun ɗayansu a matsayin mai kula da kai na da nauyi. Su ma akwai masu tallafa musu, irin su Cara a Ingila da shirin Philipp Schwartz a Jamus.

Game da rubutun kansa, abin da na fi gani yana kayar da takardun yaranmu shi ne haɗama. Mutum na neman fam 5,000 ya ce zai binciki kala-azar da bakkale da haukan kare da ciwon kaska a jihohi uku. Na biyu shi ne "za mu auna yawan cuta kaza a wuri kaza" ba tare da faɗin wa zai yi amfani da lambar ba. Mai tantancewa na da tarin takardu a gabansa, shafin farko yake karantawa da hankali, saura ya bi da ido. Jimlarka ta farko ta faɗi tambayar, ta biyu ta faɗi shawarar da amsar za ta canza, ta uku ta faɗi dalilin da ya sa kai. Yawan gidajen da za ka bi, ka nemi masanin lissafi ya fitar maka da shi kafin ka rubuta, kada ka ƙaga. A kasafi ka sa ladan matasan da za su taya ka kafa tarko, da man babur, da kuɗin aika samfur, da na zaman da za ka yi da mai gari da limamai kafin farawa da bayan gamawa. Turancin kuma ka ba wani ya duba, ba don ado ba, don kada a yi maka fassarar da ba ka nufa ba.

Ƙudan ba ya jiran tallafi, watanninsa huɗu ne a shekara. In Maris ya zo ba ka samu komai ba, ka sayi takarda da man zurma da aljihunka, ka zaɓi gidaje goma masu turke a tsakar gida da goma marasa shi, ka nemi yardar masu su, ka kafa tarko dare biyu a kowane mako har ruwa ya sauka. Ka je asibitin da ke karɓar masu kala-azar a yankinku ka nemi likitan da zai yarda ya zama abokin aikinka, shi zai riƙe ɓangaren marasa lafiya. Abin da ka tara a wannan ranin shi za ka sa a shafi na biyu na takardar da za ka aika wa RSTMH ko TDR a zagaye na gaba. In ka rubuta daftarin, turo mini in duba kafin ka aika. Allah ya ba da sa'a, ka gaishe da mutanen gida.